Aljihun Abuna Komi

Shekara arba'in da uku ina yi masa ɗinki.
Ni ne Barau tela,
jikan mutanen Haɗeja da suka nufi Makka a ƙafa,
guzuri ya ƙare musu a bakin Farin Nilu,
suka ce nan ma ƙasar Allah ce, suka sauke kaya.
Rumfata tana kallon ƙofar cocinsa a Kosti.

Ran da ya fara zuwa, saurayi ne daga duwatsun Nuba,
dogo, da wuya kamar na zalɓe.
Ya ce aljihu ya yage.
Na ce, Abuna, tsakuwa kake tarawa?
Sai ya juye mini a kan tebur:
mabuɗai, dabino uku,
ƙwayar zazzaɓi a ƙullin takarda,
da wasiƙar wani soja
da zai je ya karanta wa uwarsa.

Wannan aljihu, na ɗinke shi ya fi sau ɗari.

Ƙararrawarsa ƙarfen ƙafar babbar mota ce
da ya rataye a jikin darbejiya.
In ladan ya riga shi,
sai ya tsaya da guduma a sama
har kiran salla ya kai ƙarshe.
Ba wanda ya roƙe shi.

Yana da zuciya, kada in ɓoye.
Ya taɓa bin mai awon dawa da tsawa har bakin kasuwa
saboda mudun marayu ya zo da rami.
Sukari kuwa, cokali huɗu,
likita na hani, shi yana ƙari.
Sau ɗaya muka yi gardama a kan Annabi Isa,
shayi ya huce a gabanmu.
Ba mu sake ba.

Shekarar amai da gudawa
ya kawo rigar duk gwiwa ta cinye.
Shi da Liman Sa'adu suka raba aiki:
in gawa ta zo ba suna, ba dangi,
Liman ya yi salla,
shi ya riƙe fitila da magirbi.
Suka ce mai ita ya san abinsa.

Da ƙasa ta rabu biyu,
mutanensa suka hau jiragen ruwa
da gadaje da tukwane da ƙyauren ɗaki.
Wata uku yana bakin gaɓa
yana rubuta takardar baftisma a kan cinyarsa,
don kada yaro ya isa Kudu ba shaidar sunansa.
Ran Lahadi ya waiga:
benci talatin, mutum tara.
Manyansa suka aiko ya zo Khartum ya huta.
Ya ce, to akuyar tsohuwa Rejina,
wa zai ba ta ruwa?

Daga baya ido ya tafi.
Yana buɗe littafin don al'ada kawai,
wani lokaci a juye,
kalmomin suna fitowa daga inda ya adana su.
Yaran da ya yi wa wankan suna
su ke jan hannunsa da furfura a gemunsu.

Ran Alhamis ya aiko yaro da rigar.
Aljihu ne dai.
Na ce a dawo Asabar, aiki ya yi mini yawa.
Daren Juma'a aka buga ƙarfen motar nan,
bugu ɗaya, a jira, bugu ɗaya,
ba hannunsa ba ne.

Da wata rigar suka binne shi, mai zaren zinariya,
wadda bai taɓa kawo mini ba
don ba ta taɓa yin aikin da za ta yage ba.
Na tsaya daga bakin shinge, hula a kaina.
Liman Sa'adu ya riga mu duka,
da ya zo.

Da na koma rumfa na laluba aljihun.
Dabino ɗaya, ya bushe.
Da 'yar takarda, rubutun makaho ya hau kan juna:
Barau, bashin ɗinki biyu.

Na zare zare fari, na lashi bakinsa,
ramin allura yana ta guje mini.
Na ɗinke shi layi biyu,
yadda zai ɗauki nauyi.